Tarin Sulusin Dare: Yadda Ake Gane Ciwon Asma Tun Bai Kayar da Mai Shi Ba

Duk wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da mai ciwon asma a tsakiyar hunturu, a irin lokacin nan da hazo kan lulluɓe gari har mutum ya kasa hango hasumiyar masallaci daga ƙofar gidansa, ya san wani sauti da ba ya barin kunne: siririn fito ne mai fitowa daga can cikin ƙirji, kamar na iska idan ta sami 'yar kafa a jikin ƙyaure, yana tashi yana sauka tare da numfashi, ya fi kuma ƙarfi a yayin fitar da shi. Ni dai na fara jin wannan sauti ne daga ƙirjin ɗan ƙanwata, yana ɗan shekara bakwai, a wani dare da na sauka gidansu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai har yanzu shi ne amsar da uwarsa ta ba ni sa'ad da na ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ta ce, "Yaya, kwantar da hankalinka, sanyi ne, haka yake yi duk shekara, da gari ya waye za ka gan shi yana tsalle kamar ba shi ba." Gaskiya kuwa ta faɗa, domin kafin hantsi ya ɗaga yaron yana ƙofar gida yana bin ƙwallo. Sai dai wannan gaskiya ita ce ta ɓatar da ita shekara uku cur, saboda abin da ta riƙa a matsayin hujjar lafiya, wato zuwan abin da dare da tafiyarsa da rana, shi ne mafi girman alamomin ciwon da ba ta ko son a ambaci sunansa a gidanta.

Kafin mu shiga cikin mas'alar ya kamata mu warware wani rikici da ya samo asali daga harshenmu, domin Bahaushe tun da can yana da kalmar fuka, wadda yake jingina wa kusan kowane ciwon ƙirji mai daɗewa, har ya zamana idan aka ce wane yana da fuka, mai sauraro bai san ko ana nufin asma ba ne ko kuwa tarin fuka, wanda likitoci ke kira tibi. Wannan haɗin gambiza ya cuci mutane da yawa, don kuwa tarin fuka ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, ana kuma ɗaukarsa ta iska daga mai shi, alhali asma ba a ɗaukarta ko da an ci a ƙwarya ɗaya, an sha a moɗa ɗaya, an kwana a shimfiɗa ɗaya; amma saboda sunan ya haɗa su, sai ka iske an ware wa yarinya kofinta, ko an ɓoye lalurarta ƙarƙashin harshe don gudun kada manema su janye. Ita kalmar asma ta zo mana ne daga harshen Girka, inda take nufin haki, Larabawa kuwa suna ce mata rabwu. Malaman ɗibbu na daular Musulunci sun san ta sani na haƙiƙa: Abubakar Ar-Razi, wanda ya rasu wajajen shekarar 925, ya yi rubutu a kan murar da ke kama wasu mutane duk lokacin da furen wardi ya buɗe, abin da ya nuna ya fahimci cewa akwai jikin da ke bore saboda abin da ya shaƙa, Musa bin Maimun kuwa, tabibin nan Bayahude haifaffen Ƙurɗuba wanda ya zauna a Misira, ya wallafa maƙala guda sukutum a kan rabwu wajajen 1190, saboda wani ɗan gidan sarautar Salahuddin Al-Ayyubi da ke fama da ita, kuma cikin abubuwan da ya fi ƙarfafawa akwai tsabtar iskar da mara lafiya ke shaƙa.

Domin mai karatu ya gane dalilin alamomin, sai ya ƙaddara huhu a zuciyarsa kamar itaciya da aka juya kanta ƙasa: gindinta shi ne bututun iska da ke maƙogwaro, daga nan ya rabu reshe biyu, kowane reshe ya yi ta rarrabuwa har a kai ga waɗansu 'yan rassa sirara ƙwarai, dukkansu kuwa masu rami ne, iska na ratsa su tana shiga tana fita. A jikin mai asma, fatar da ta shimfiɗe cikin waɗannan rassa a kumbure take, mai saurin fushi, ta yadda abin da wani zai shaƙa ya wuce abinsa, shi idan ya shaƙa sai abubuwa uku su auku a tare: kumburin ya ƙaru, majina mai kauri da yauƙi ta taru, tsokar da ta kewaye kowane reshe kuma ta tsuke kamar an ja bakin zazzage. Wanda ke son ya ɗanɗana kaɗan daga abin da suke ji, ya toshe hancinsa ya yi numfashi ta bututun biro na minti ɗaya. Abin da kuwa ya wajaba a riƙe shi ne, tsukewar tana zuwa tana tafiya, amma kumburin yana nan ko a ranar da mutum ke jin garau, tamkar wutar ƙaiƙayi, sama toka ƙasa garwashi.

Likitoci sukan ƙirga alamomi huɗu, wato tari, da fiton ƙirji, da ƙuncin ƙirji, da yankewar numfashi, amma ni a ganina tari ne ya cancanci a daɗe a kansa, domin shi ne mai sallama tun da wuri, shi ne kuma wanda aka fi rainawa. Galibi busasshe ne, ko kuwa a yi ta fama a ƙarshe a fitar da ɗan farin kaki mai danƙo. Yakan taso a sulusin dare na ƙarshe ko gab da kiran assalatu, ya hana mai shi barci, ya hana na kusa da shi. Yakan biyo bayan gudu, ko dariya mai yawa, ko kuka. Idan kuma mura ta ratsa gida, kowa ya warke cikin mako guda, shi mai wannan lalura sai tasa ta sauka ƙirji ta share mako uku ko huɗu tana nuƙurƙusarsa. Akwai ma waɗanda asmarsu ba ta da wata alama face wannan tari kaɗai, ba fito ba haki, su ne kuwa suka fi kowa daɗewa suna zarya tsakanin gida da kemis, yau a ba su wannan ruwan maganin tari, gobe a canza musu wancan, jibi a haɗa musu da kafso, ba tare da wani ya tsaya ya tambaye su ba, shin a wane lokaci ne tarin yake zuwa.

Sauran alamomin kuwa sai an kasa kunne ga yadda mutane ke faɗarsu da bakinsu, domin ba wanda zai zo ya ce hanyoyin iskarsa sun tsuke. Abin da za ka ji shi ne, "ƙirjina ya cushe," ko "kamar an ɗora mini dutsen niƙa," ko "numfashina ba ya kaiwa," uwa kuma ta ce ƙirjin ɗanta yana kukan mage. Ƙananan yara ma ba su da ko waɗannan kalmomi, sai dai halinsu ya yi magana a madadinsu: wani ya ce cikinsa ke ciwo, wani ya riƙa gyangyaɗi a aji saboda bai yi barcin kirki ba har malami ya ɗauke shi malalaci, wani kuma, kamar yadda na lura daga baya da ɗan ƙanwata, ya riƙa zaɓar tsaron gida duk sa'ad da aka raba 'yan wasa, saboda jikinsa ya riga ya koya masa cewa gudu yana da farashi, tun shi kansa bai san sunan abin da ke damunsa ba.

To, amma kowace ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, idan aka ɗauke ta ita kaɗai, ba ta isa hujja ba, tun da babu ɗan Adam ɗin da bai taɓa tari ba, babu kuma wanda bai taɓa haki ba. Kamar yadda alƙali masani ba ya yanke hukunci da ƙarina guda, sai ya tattara ƙarinoni ya ga inda suka fuskanta, haka shi ma likita yake neman ɗabi'ar ciwon, kuma ɗabi'ar asma ita ce sassaɓawa: ta zo ta tafi, ta tsananta da dare ta sassauta da rana, ta farka a wani yanayi na shekara ta yi barci a wani, ta kuma kasance tana da abin da ke tsokano ta. Tsanantarta da dare tana da sababi a halitta, domin hanyoyin iskar kowane mutum sukan ɗan ƙuntata wajajen ƙarfe huɗu na asuba, sa'ad da sinadaran jiki masu danne kumburi suke ƙasa, sai dai mai lafiya ba ya jin komai, shi kuwa wanda hanyoyinsa dama a kumbure suke, wannan ɗan ragi ya ishe shi ya farka; ga sanyin dare, ga ɗaki a rufe, ga ƙurar katifa a bakin hanci. Daga nan sai a waiwayi dangi, domin ciwon yana bin jini ko da yake ba dole ba ne ɗan mai asma ya gāje ta, a kuma duba ko mutum na yawan atishawa da yoyon hanci da ƙaiƙayin ido ba tare da zazzaɓi ba, ko yana da busassun ƙuraje masu ƙaiƙayi a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa tun yana ƙarami, saboda waɗannan biyu da asma 'yan ɗaki ɗaya ne, sau da yawa tare suke tafiya.

Abubuwan da ke tsokano ta a ƙasarmu ba ɓoyayyu ba ne. Na farkonsu hunturu, wanda iskarsa ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wurin da masana ke ƙirgawa cikin mafiya fitar da ƙura a duniya baki ɗaya, ta zo ta zube mana ita daga Nuwamba har zuwa wajen Maris, tare da sanyi da bushewa waɗanda su ma kansu masu tsuke ƙirji ne. Wannan ba mu da iko a kansa. Amma akwai waɗanda hannunmu ne ke jawo su, kuma a kansu nake jin nauyin yin magana: sharar tsakar gida ba tare da yayyafa ruwa ba, hayaƙin ɗanyen itace a madafin da ba taga, maganin sauro mai hayaƙi da ake kunnawa a rufe ƙofa a kwana da shi, janareto a bakin tagar ɗakin yara, ƙona bola da tsofaffin tayoyi a tsakiyar unguwa, da tabar maigida. Haka nan turaren wuta, wanda na san matsayinsa a wurin matanmu, ba na kuma cewa a bar shi. Abin da nake roƙo shi ne, uwar da ta lura ɗanta na tari duk ranar da aka turara ɗaki, ta karɓi shaidar idonta. Bayan waɗannan akwai kyankyasai, da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani masu zama a katifa da matashi da darduma, da gashin mage, da ɗakin tattabaru ko akurkin kaji da ke jingine da ɗakin kwana.

Manya kuwa, waɗanda ciwon ya fara musu bayan sun girma, ya kamata su tuhumi sana'arsu. Mai injin niƙa, da ma'aikacin gidan burodi da ke wuni cikin ƙurar fulawa, da kafinta, da mai fentin mota, da mai aikin gurzar auduga, da matan da ke sussuka da shiƙa a lokacin kaka, dukkansu suna shaƙar abin da zai iya zama asalin lalurarsu, kuma alamar da ke tona asirin wannan ita ce mutum ya ji sauƙi idan ya yi tafiya ko ya huta kwana biyu, ya koma aiki abin ya dawo. A ƙara da cewa wasu magunguna da muke saye ba tare da takardar likita ba, irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac, suna tayar wa wasu masu asma da ciwonsu, haka ma propranolol da ake bayarwa don hawan jini ko bugun zuciya. Saboda haka wajibi ne mai asma ya faɗi lalurarsa duk inda za a rubuta masa magani.

Sai dai kuma kada wanda ya karanta wannan ya mayar da kowane tari asma, domin akwai cututtuka masu kama da ita waɗanda jinkiri a kansu halaka ne. Tarin da ya wuce mako biyu ba ya ɗagawa, tare da rama da gumin dare da zazzaɓin yamma, balle a ga jini a kaki, wannan a tafi a yi gwajin tarin fuka, gwajin da maganin kuwa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe. Zazzaɓi mai zafi da saurin numfashi da suka a haƙarƙari sun fi karkata ga nimoniya. Dattijon da ƙafafunsa suka kumbura, ba ya iya kwanciya sai ya tara matasai, a duba zuciyarsa. Tsohuwar da ta shekara arba'in a gaban murhu, ko wanda ya daɗe yana shan taba, numfashinsu na iya toshewa toshewar da ba ta zuwa ta tafi, kullum tana nan tana ƙaruwa, wannan wani ciwo ne dabam. Yaron da yana cikin wasa lafiya lau ya shaƙe farat ɗaya, daga nan ƙirjinsa ya kama fito, a yi zaton ƙwayar gyaɗa ko wani abu ya faɗa masa hanyar iska. Jarirai da yawa kuma sukan yi fito idan mura ta kama su saboda ƙanƙantar hanyoyinsu, su girma su bar shi, shi ya sa likitoci ba sa gaggawar sanya wa ɗan ƙasa da shekara biyar wannan suna. Mai rarrabewa dai shi ne likita, da tambayoyinsa da abin sauraron ƙirjinsa, da kuma na'urar auna numfashi da ake samu a manyan asibitoci, wadda mutum zai hura da iyakar ƙarfinsa, a ba shi maganin buɗe ƙirji, bayan kamar minti goma sha biyar ya sake hurawa. Idan iskar da ya fitar a daƙiƙar farko ta ƙaru da kashi 12 cikin ɗari ko fiye, an sami ƙaƙƙarfar hujja. Akwai kuma wata 'yar ƙarama mai sauƙin kuɗi, wadda wani likitan Ingila, Martin Wright, ya fito da asalinta a 1959, ana iya ajiye ta a gida a riƙa hurawa safe da yamma ana rubuta lambar.

Yanzu zan koma ga ɗan ƙanwata, domin abin da na gani a hunturun da ya biyo bayan wancan dare na farko shi ne dalilin wannan rubutu. An aiko mini wajen ƙarfe uku na dare, na iske shi zaune a bakin gado ya sunkuyo gaba, ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu, kafaɗunsa na ɗagawa da kowane numfashi, ramin da ke gindin wuyansa yana lotsawa ciki, fatar da ke tsakanin haƙarƙarinsa tana shigewa har ana iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ƙofofin hancinsa na buɗewa suna rufewa, gumi kuwa ya jiƙe masa goshi alhali mu muna cikin rigunan sanyi. Ya so ya gaishe ni, bai iya haɗa "Kawu" da "sannu" a numfashi ɗaya ba. Kakarsa na gefe tana shafa masa man zafi a ƙirji tana tofa masa addu'a, uwarsa na dama zuma da ruwan ɗumi. Muna cikin neman mota sai fiton nan, wanda ɗazu ake ji daga tsakar gida, ya yi ƙasa har ya ɓace, yaron ya yi laushi ya fara lumshe ido, ƙanwata ta ce, "Alhamdu lillahi, Yaya, ya lafa, barci zai yi." Allah Ya sa direban ya riga ya iso, muka ce tun da an fito a ƙarasa. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu ta ɗora abin sauraro a bayansa, ta buɗe leɓensa ta duba, ba ta ce mana uffan ba sai da ta ɗaura masa iskar oksijin da na'urar turara magani; bayan hankali ya kwanta ne ta juyo ta ce, "Malam, gara ƙirjin da ke kuka da wanda ya yi shiru. Mai kuka iska na wucewa. Wannan da kun bari gari ya waye, da wani zancen ake yi."

Ina roƙon kowane mai karatu ya haddace alamomin wannan dare kamar yadda ya haddace lambar wayarsa. Wanda ba ya iya gama jimla a numfashi ɗaya, ko yaron da ya kasa shan nono ko cin abinci saboda haki. Wanda wuyansa da haƙarƙarinsa ke lotsawa. Babban da numfashinsa ya kai 25 a minti, ko yaro ɗan sama da shekara biyar da ya haura 30, ko ɗan shekara biyu zuwa biyar da ya haura 40. Wanda ya shaƙi maganinsa bai ji sauƙi ba, ko sauƙin bai kai awa huɗu ba. Duk waɗannan asibiti ne wurinsu a wannan sa'a, ba da safe ba. Idan kuwa harshe da cikin leɓe suka koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi, wanda a baƙar fata sai an buɗe baki ake gani, ko mutum ya rikice, ko barci ya rinjaye shi a tsakiyar wahala, ko ƙirji ya yi tsit, to rai ne ke hannun Allah, kowane minti yana da daraja. A zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar da shi, kada a taru a kansa, kada a tilasta masa shan komai, a kuma ba shi abin shaƙa mai buɗe ƙirji, fesa ɗaya bayan ɗaya, tsakaninsu rabin minti zuwa minti, har zuwa goma, ana yi ana tafiya. Addu'a kuwa ba ta hana tafiya, tafiya ma ba ta hana addu'a. A yi ta a cikin mota.

A nan ne muka iso ga wani tsoro da ya yi katutu a zukatan jama'armu, wato tsoron inhela, wadda ake cewa wanda ya fara ta ba ya bari, ko kuwa sai ciwo ya kai intaha ake ba da ita. Wannan zato ba shi da tushe. An fara yin irin wannan abin shaƙa a Amurka a 1956, salbutamol kuwa, wanda aka fi sani da sunan Ventolin, ya shiga kasuwa a 1969, kuma hikimar abin ita ce yana kai ɗan ƙanƙanin magani kai tsaye inda ciwon yake, maimakon ƙwaya ko allura da sai sun zaga jiki duka. Abin da ya kamata a sani shi ne iri biyu ne: akwai mai buɗewa, galibi shuɗiya, wadda ke sassauta tsukewar cikin 'yan mintoci amma ba ta taɓa kumburin, akwai kuma mai karewa, wadda ake shaƙa a kai a kai ko ana jin lafiya, ita ce mai kashe garwashin da ke ƙarƙashin toka. Saboda haka yawan buƙatar shuɗiyar ma alama ce a karan kanta: wanda ke neman ta fiye da sau biyu a mako, ko ciwon ke tashinsa daga barci, ko yake shanye gwangwani uku ko fiye a shekara, ya sani ciwonsa bai kwanta ba, yana kuma cikin haɗarin babban farmaki. Tun 2019 ƙungiyar GINA, wadda ke tsara wa likitocin duniya ƙa'idojin kula da asma, ta daina amincewa da a bar babba ko matashi a kan mai buɗewa ita kaɗai. Abin da ya cancanci a ji tsoronsa da gaske shi ne ƙwayoyin prednisolone da dexamethasone da wasu ke saye a kemis su shekara suna sha saboda sauƙin da suke ji, alhali suna kumbura fuska, suna jawo ciwon sukari da hawan jini da raunin ƙashi. Amfaninsu na 'yan kwanaki ne, bisa umarnin likita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma, ta kuma yi ajalin 455,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu, inda ba a gane ciwon da wuri, inda kuma kuɗin mai karewa ya fi ƙarfin talaka. Wannan na biyu nauyi ne a wuyan hukumomi, kuma ba zan gaji da faɗa ba. Amma akwai abin da ba ya buƙatar dukiya. Yara da tsofaffi ba su iya daidaita fesawa da jan numfashi, sai maganin ya tsaya a harshe, shi ya sa ake haɗa inhela da wani bututu mai faɗi da ke tara maganin. A 1999 kuwa Farfesa Heather Zar da abokan aikinta a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu suka tabbatar cewa gorar roba mai cin rabin lita, idan aka huda gindinta daidai bakin inhela aka toshe gefen da kyau, yaro ya kama bakin gorar da leɓensa ya ja numfashi, tana yin aiki kusan daidai da na kanti. Game da azumi kuwa, malamai sun yi saɓani a kan ko shaƙar inhela na karya shi, da yawa daga malaman wannan zamani suna ganin ba ta karyawa, wasu na ganin a rama. Amma babu saɓani a kan cewa shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, babu kuma malamin da ya halatta wa mutum ya zauna numfashinsa na yankewa yana jiran faɗuwar rana.

Ɗan ƙanwata yanzu yana aji uku na sakandare. Uwarsa ta ajiye wani ɗan littafi a kan taga, inda take rubuta daren da ya yi tari da abin da aka yi a gidan a wannan rana, ta haka ne ma ta gano cewa ɗakin tattabarun da ke bayan tagarsa ya fi hazo cutar da shi, aka mayar da su can ƙarshen gida. Turaren wuta kuwa sai ya tafi makaranta ake sa shi, a buɗe tagogi kafin ya dawo. Da zarar an ga sama ta fara fari a ƙarshen Oktoba, kakarsa, wadda a dā ta rantse jikanta ba zai sa wannan abu a baki ba, ita ce ke tsayar da shi a zaure ta ce, "Kai, miji, ka shaƙi na safen kuwa?" Ranar Asabar da ta wuce na bi ta filin unguwarsu bayan la'asar, na tsaya ina neman sa a bakin raga, sai wani yaro ya nuna mini shi can gaba, a lamba tara.